Biyu Cikin Uku Ba a Yanke Musu Hukunci Ba: Kira Kan Gidajen Yarinmu

Jama'a, a ba ni kunne. A daren nan mutum wajen 80,000 ne za su kwana a kulle a gidajen yarin gwamnatin tarayyar Najeriya, waɗanda yawansu ya haura 240. Biyu cikin kowane uku daga cikinsu babu alƙalin da ya taɓa cewa sun aikata laifi. Su ne ake kira masu jiran shari'a, kuma hukumar gidajen yarin ce da kanta take fitar da wannan ƙididdiga. Mutum fiye da 50,000 ke nan, 'ya'yan wasu, mazajen wasu, iyayen wasu, waɗanda sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauke su marasa laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka. Suna can a Kurmawa da Goron Dutse a Kano, suna Kaduna, suna Kuje, suna Jos da Bauchi da Sakkwato da Maiduguri. Wani ya yi wata shida, wani shekara uku, wani ya daina ƙirga. Mu kuma muna wucewa ta jikin katangar kullum, ba ma ko waiwaye.

Su wane ne a ciki? Kusan dukkansu maza ne, domin mata ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Duk wanda ya taɓa kai ziyara ya san galibinsu matasa ne masu jini a jika: lebura, ɗan acaɓa, direban adaidaita sahu, ɗan ga-ruwa, makiyayi, yaron shago, ɗan cirani da ya zo birni neman abin sa wa a bakin salati. Da yawansu ba su iya karanta takardar tuhumar da aka rubuta da sunansu ba, ba su taɓa zama da lauya ba, kuma a kotu sai dai su ji ana ta Turanci a kansu, duk da cewa tsarin mulki ya ba su haƙƙin tafinta kyauta. Abin da ya fi haɗa su shi ne talauci da rashin gata. Mai hali yakan samu beli tun daga ofishin 'yan sanda, ya kwana a gidansa. Wanda ba shi da kowa shi ne yake zarcewa gidan kaso.

Ga yadda abin yake faruwa. An yi faɗan daba a unguwa, ko an yi ƙwacen waya a bakin titi. Da daddare motar sintiri ta zo ta yi kamen kan mai uwa da wabi, ta haɗa da mai laifi da wanda ya fito sayen maganin sauro. Washegari iyayen masu ƙarfi suka je suka fito da nasu. Waɗanda suka rage aka rubuta musu haɗa baki da fashi da makami, aka kai su gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar fashi da makami, sai ya ce a tsare su a gidan yari har a samu shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Daga nan fayil ya shiga tafiya. Ɗan sandan da ya yi bincike aka yi masa canjin wurin aiki. Fayil ya kwanta a wata durowa, ko ya ɓata gaba ɗaya. Ranar da aka sa, babu motar da za ta kai fursunoni kotu, ko akwai mota babu mai. Wata ranar alƙali ya tafi taro. Wata ranar mai gabatar da ƙara ya ce shaida bai zo ba. Aka shiga hutun kotu, aka dawo, ma'aikatan shari'a suka tafi yajin aiki. Uwar yaron tana zuwa tun da sassafe, ta zauna a gindin bishiyar harabar kotu da ɗan ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli a leda, tana dakon ko za ta hango shi ana sauko da shi daga mota. Da azahar ake ce mata an ɗage, ta dawo bayan wata biyu. Ta sayar da akuya, ta sayar da keken ɗinki, ta ba wani da ya ce ya san hanya, kuɗin ya bi ruwa. Haka shekara take bin shekara.

Kada wani ya ce ƙari ake yi. Wani mutum mai suna Sikiru Alade, an kama shi a Legas a 2003, majistare ya tura shi gidan yarin Kirikiri a kan irin wannan tsarewa ta wucin gadi, aka manta da shi. Sai a 2012 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke cewa tsare shi ya saɓa wa doka, ta ce a sake shi a biya shi diyya. Shekara 9 ba tare da an fara masa shari'a ba. Shi ya yi sa'a wasu lauyoyi sun ji labarinsa. Nawa ne irinsa da babu wanda ya ji nasu?

Mu duba laifuffukan da ake tuhumar mutane da su. Akwai manya, babu shakka: kisan kai, fashi da makami, garkuwa da mutane, fyaɗe, ta'addanci. Amma a ɗakin nan guda za ka tarar da wanda ya saci buhun masara, da wanda aka kama da ƙullin wiwi, da wanda ya yi dambe a tasha, da wanda ya ci bashi ya kasa biya aka mai da maganar ta koma cin amana da zamba. Wannan na ƙarshe laifinmu ne mu jama'a. Mu ne muke ɗaukar rigimar bashi, da rigimar gona, da saɓanin ciniki, mu kai caji ofis domin a koya wa mutum hankali. Alhali dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, sun kuma hana a kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema.

Sai maganar hukunci, inda abin ya fi ciwo. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusuf da laifi a badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda, bayan ya amsa da bakinsa. Kuɗin da ake magana sun haura naira biliyan 20. Hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 750,000. Ya biya nan take. Sai da ƙasa ta ɗauki kuka, hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara, sannan a 2018 aka mai da hukuncin shekara 6 da tarar biliyoyi. A watan Afrilun 2022 majalisar ƙoli ta ƙasa ta amince da yi wa tsofaffin gwamnoni biyu afuwa, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda kotuna suka ɗaure kan dukiyar jama'a. Ajiye waɗannan a gefe guda, ka ɗauko na wani yaro a jihar Osun da aka kama a 2010 yana ɗan shekara 17, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014 kan fashin da abin da aka sace a cikinsa kaji ne da ƙwai. Ya yi shekara 10 yana jiran igiya kafin gwamna ya yi masa afuwa a Disambar 2024, bayan labarinsa ya karaɗe ƙasa. Ƙasa ɗaya, ma'auni biyu.

Akwai kuma waɗanda alƙali ya ba su zaɓin tara, amma rashin kuɗi ya mai da tarar ta zama ɗauri. A watan Nuwamban 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya musu tara da diyya. Idan ka raba, kowane mutum bai kai naira 150,000 ba. Kuɗin da wasunmu suke kashewa a ankon biki guda, shi ya raba magidanta dubu huɗu da iyalansu. Kuma tun ranar da aka sake su kotuna suka ci gaba da turo wasu a kan wannan hanya.

A can ƙuryar gidan akwai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, su fiye da 3,000. Rabon da a ji an zartar da irin wannan hukunci tun 2016 a jihar Edo. Gwamnoni ba sa sa hannu, ba kasafai kuma suke sassautawa ba, sai a bar mutum shekara goma, shekara ashirin, tsakanin rai da mutuwa. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mai da hukuncin ya koma ɗaurin rai da rai idan mutum ya shekara 10 a haka bayan ya gama ɗaukaka ƙara. Jihohi nawa ne suke aiki da wannan sashe?

Yaya rayuwa take a ciki? Da yawa daga cikin gidajen nan tun zamanin Turawa aka gina su, domin garuruwan da ba su kai rubu'in na yau ba. Gidan yarin Ikoyi a Legas an gina shi domin mutum 800, amma a Disambar 2019, lokacin da wayar lantarki ta faɗo kan gadon ƙarfe ta kashe fursunoni 5, akwai mutum fiye da 3,000 a ciki. A ɗakunan masu jiran shari'a kwana ma layi ake yi: wasu su kwanta a kan haƙarƙari, wasu su zauna a tsugune har a yi canji. Ƙazuwa da tarin fuka suna yawo daga jiki zuwa jiki. Abinci kuwa, kowa ya san gabza ko da a labari. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yarin na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake ware wa fursuna a rana, alhali karen tsaro ana kashe masa naira 800. A 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125. Kowace uwar gida ta san abin da wannan kuɗi zai iya saye na ci uku a kasuwar yau.

Wanda yake ganin wannan bai shafe shi ba, ya tuna abin da ya faru a 'yan shekarun nan. A Afrilun 2021 an fasa gidan yarin Owerri, fursunoni fiye da 1,800 suka tsere. A ranar 5 ga Yulin 2022 mayaƙan ISWAP suka fasa na Kuje, a gefen babban birnin ƙasa, fiye da 800 suka fita. A Afrilun 2024 ruwan sama ne kawai ya rusa tsohuwar katangar gidan yarin Suleja, fiye da 100 suka gudu. A Satumbar shekarar, ambaliyar madatsar Alau ta karya ta Maiduguri, 281 suka fice. Gidan da aka cika maƙil da waɗanda bai kamata su kasance a ciki ba, gandirobobi ba za su iya tsare waɗanda ya kamata a tsare ba. Sannan yaron da ya shiga saboda satar waya, ya yi shekara uku yana kwana kafaɗa da kafaɗa da riƙaƙƙen ɗan fashi, wane darasi muke zaton zai fito da shi? Unguwarmu zai dawo.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasa tana fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da 'yan daba, yanzu ne za a zo ana tausaya wa fursuna? Wallahi babu wanda yake neman a saki mai laifi. Wanda ya kashe rai, wanda ya sace mutane, wanda ya keta haddin yarinya, a yi masa shari'a da wuri, a yanke masa abin da ya dace da shi, kowa ya gani. Jinkirin nan shi yake cutar da wanda aka zalunta. Bayan shekara biyar shaidu sun gaji, wasu sun rasu, wasu sun ƙaura, hujja ta lalace, sai mai laifin gaske ya fita salin alin, iyalan mamaci su koma gida da takaici. Kuma duk lokacin da aka kulle wanda bai ji ba bai gani ba, wanda ya aikata yana nan waje yana neman na gaba. Gaggauta shari'a ita ce gatan mai gaskiya, ko yana cikin kurkuku ko yana wajenta.

Abin da zai ba ka mamaki, doka tana nan a rubuce. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun tana da nisa. Dokar 2015 ta ce umarnin tsarewa na wucin gadi kada ya wuce kwana 14, a iya sabunta shi na ɗan lokaci ƙayyadadde, daga nan sai gwamnati ta kawo dalili ko a saki mutum. Ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Ta ce mace tana iya tsaya wa mutum a beli. Jihohi sun yi nasu dokokin kwatankwacinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tun 1977 akwai dokar da ta ba manyan jojin jihohi ikon shiga gidan yari su sallami wanda ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifi. Dokar 2019 ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki da sa ido kan mai laifi yana gidansa, ta kuma ba shugaban gidajen yari na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika. Abin da ya rage shi ne masu aiwatarwa, da jama'ar da za ta tsaya a kansu.

Kuma a daina jifan Abuja da komai. Ministocin cikin gida sun sha faɗa cewa kusan tara cikin goma na mutanen da ke gidajen yarin tarayya laifuffukan dokokin jiha ake tuhumarsu da su. Kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci da babbar kotun jiha su ne suke tura su. Kwamishinan shari'a na jiha shi yake riƙe da fayil ɗinsu. Gwamna shi yake da ikon afuwa. Tun watan Maris na 2023 ma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu damar kafa nasu gidajen gyaran halin. Mabuɗin yana garinmu, a hannun mutanen da muka zaɓa, muke kuma haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure.

Mun kuma ga abin da muryar jama'a take iya yi. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara daga Kano da Kaduna a babbar kotun tarayya da ke Abuja, bisa tuhumar cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Sun yi wajen wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowannensu. Da hotunansu suka bazu, mutane suka yi caa daga kowace kusurwa, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni aka janye ƙarar aka mai da su gida. Waɗancan an gan su. Dubban da ke bayan katanga babu mai ɗaukar hotonsu, don haka mu ne za mu zama bakinsu.

To, me za mu yi?

Iyaye da 'yan'uwa, kada kunya ta sa ku yi watsi da naku. Ku san lambar ƙararsa, da kotun da take, da ranar da aka sa. Ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 domin marasa hali, tana kuma da ofis a jihohi. Ku kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Ku rubuta takarda zuwa ga babban jojin jiha. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kada ku ji nauyin faɗin haka.

Masu unguwanni da dagatai da dattawan gari, ku farfaɗo da sulhu. Rigimar bashi da ta iyakar gona da faɗan maƙwabta a kashe su a zaure. Kowace unguwa ta san 'ya'yanta da ke tsare, ta rubuta sunayensu, ta naɗa mutum biyu da za su riƙa bibiya. Wanda aka ba beli ya rasa mai tsaya masa, kuma kun san halinsa, ku tsaya masa.

Malamai da limamai da fastoci, ku hau mumbari da wannan magana. Shari'ar Musulunci ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja, ta ɗauki mutum kuɓutacce har sai an tabbatar. Alƙur'ani ya jera fursuna tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa domin Allah, kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi shekaru a kurkuku ba da laifin komai ba. Linjila ma ta sa ziyarar ɗaurarre cikin ayyukan da za a tambayi mutum a kansu. Ku tunatar da masu fitar da zakka cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin masu haƙƙi.

Attajirai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kada biyan tara ya tsaya ga watan azumi da gaban kyamara. Ku kafa asusu mai ɗorewa a kowace jiha, wanda zai biya ƙananan tara, ya ɗauki lauyoyi, ya ba wanda ya fito ɗan jari ko abin sana'a. Mutumin da aka sallama ba shi da ko kuɗin mota, gari kuma ya juya masa baya, hanyar komawa kawai aka nuna masa.

Lauyoyi, kowannenku ya ɗauki ko da shari'a ɗaya a shekara kyauta. Alƙalai, ku ji tsoron Allah wajen sharuɗɗan beli, domin ce wa ɗan ga-ruwa ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai fili a cikin birni hana shi beli ne a fakaice. Wanda ya yi ƙaramin laifi karon farko, ku ba shi sharar kasuwa ko ta asibiti, ya kwana a gidansa. Manyan joji, ku shiga gidajen yari akai-akai, ɗaki ɗaki, fayil fayil. Gwamnoni da kwamishinonin shari'a, ku ƙayyade kwanakin fitar da shawara kan kowane fayil, ku ɗauki isassun lauyoyi, ku sayi motocin kai fursunoni kotu, ku buga wa jama'a adadin masu jiran shari'a na jiharku duk wata uku. 'Yan jarida, musamman gidajen rediyon da talaka yake saurara, ku riƙa tambayar wannan adadi har ya zama abin kunya ga jihar da nata yake hauhawa.

Ku kuma masu ƙuri'a, duk wanda ya zo neman gwamna ko ɗan majalisar jiha, ku tambaye shi mutum nawa ne ke jiran shari'a a jiharsa, da abin da zai yi a kai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: babu gidan da yake da tabbacin motar sintiri ba za ta biyo ta layinsu ba. Kada mu jira sai ta kwashe namu. A wannan makon kowa ya binciki mutum ɗaya daga unguwarsu ko danginsu da ke tsare ba a yanke masa hukunci ba, ya gano inda fayil ɗinsa ya maƙale, ya bi shi har gaban alƙali. Mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi ya koma ga iyalinsa. Allah Ya ba mu ikon tsayawa kan adalci, Ya kuma kuɓutar da duk wanda aka ɗaure bisa zalunci.